Ɓarauniyar Hanya a Manhajar Auta

A ofis, Auta ya juyo wa yayansa fuskar kwamfutarsa.

"Yaya, zo ka gani. Mun shiga uku!"

Shekara da shekaru Auta ke kula da wata 'yar manhaja da ya rubuta, mai karanta fayilolin saiti ta gaya wa na'urori yadda za su yi aiki. Har asibitoci sun dogara da ita. Da aiki ya sha kansa, sai ya ba wani mai taimako da bai taɓa gani ba, mai laƙabin Jemage, izinin yin gyara kai tsaye.

Yau ya gano wasu layukan umarni da Jemage ya cusa a cikin manhajar. Da zarar manhajar ta ci karo da wata alama a fayil, za ta miƙa wa baƙo ragamar na'urar.

"Gobe sabon zubin manhajar zai fita da layukan nan a ciki," in ji Auta. "Injinan numfashi fa, Yaya! Mutane za su mutu da sunana."

Yayan ya tashi ya kulle ƙofar ofishin. "Kwantar da hankalinka, ƙanena. Ka gaya wa wani?"

"Kai kaɗai. Bari in tambayi munafukin."

"Dakata tukuna."

Amma Auta ya riga ya tura wa Jemage saƙo: "Na gano ka. Wane ne kai?"

Sai wayar da ke aljihun Yaya ta yi ƙarar shigowar saƙo. Bai ciro ta ba. Ya dubi Auta, ya ce a hankali, "Ai na ce ka dakata."