Kunkurun Laka

"Wannan ba dodo ba ne, kujera ce mai ƙafafu," in ji Farfesa, yana kara hoton Kunkurun Laka a gaban kyamara. "Ba gudu, ba duka, sai kauri. Duk wanda ya shiga gasa da shi, a duba masa kai."

Mabiyansa ne suka laƙaba masa Farfesa, saboda yadda yake feɗe dodannin wasan faɗa na waya, wane ke da ƙarfi, wane ke da lago. A tsakiyar falo yake ɗaukar bidiyonsa, da wata muryar mai karanta labarai da ba a haife shi da ita ba.

Ya nuno nasa gwanin, Zakin Wuta. "Ga sarki. Aibinsa ɗaya: yana zazzage ƙarfinsa tun farko. In ka jure, ya zama kyanwa. To amma wa zai jure?"

Daga kusurwa Baba ya ja tsaki, ya gyara sabon tabarau. "Ƙato da gemu, yana kiwon ƙadangaru a waya."

Tun ranar da ya ƙwace tsohuwar wayar Farfesa, magana mai daɗi ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba. Sharaɗin da suka ƙulla kaɗai ya rage: in Farfesa ya faɗi a gasar Asabar, ya bar wasa ya kama zaman shagon Baba na kayan mota.

Ranar Asabar Baba ya ce ba zai kalli shirme ba. Ya shige ɗaki, ya banko ƙofa.

Farfesa ya yi ta kakkaɓe mutane har zagayen ƙarshe. Nan ya tarar da wani baƙo, ba hoto, ba mabiyi ko ɗaya. Baƙon ya sako Kunkurun Laka.

Farfesa ya kwashe da dariya, ya rubuta masa: "Yaro, je ka kira babanka."



Zaki ya yi aman wuta. Kunkuru ya shige ƙoƙonsa. Zaki ya sake, ya sake, har fuskar waya ta yi jajir. Kunkuru ya tofa ɗan laka, ya koma ciki. Kafin kowane motsi sai baƙon ya ɓata lokaci, kamar mai laluben madanni da yatsa ɗaya.

"Fito, matsoraci!" Gumi ya fara tsattsafo wa Farfesa. Layin ƙarfin Zaki na ta sauka, masu kallo na ta turo hoton kujera.

Da wutar ta ƙare, Kunkuru ya leƙo, ya tako a hankali, ya zauna a kan Zaki.

Sai kiɗan nasara ya tashi daga bayan ƙofar Baba, tare da muryar Baba yana kwaikwayon ta mai karanta labarai, ba ko kuskure: "In ka jure, ya zama kyanwa. Makullin shago na kan tebur, Farfesa."