Sandar Baban Zinariya

Ranar da ruwa ya cika kwarin Aƙiƙ, Madina kaf ta fito bakin rafi da tabarmi da butocin shayi. Balarabe, wanda bai daɗe da fara koyon mizmar ba, rawar sanda ta mutanen garin, ya faɗa fili yana juya sanda. Kiɗa ya ɗebe shi har ya doke sandar wani dattijo ta faɗi ƙasa. Ganguna suka tsaya cak.

Can ya iske Zinariya, yarinyar da yake so, tana ɗauraye finjalai a gefen ruwa.

"Kin ga rawata?"

Ba ta ɗago ba. "Na gani. Sandar Baba ka kayar. In babba ya shigo fili, yaro sauke tasa yake yi. Ba su gaya maka ba?"

Ya dafe kai. "Wallahi ban san shi ne ba. Bari in je in durƙusa masa."

"Khalas, Balarabe, magana ta ƙare. Ya ce kada ka turo kowa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Rabonsa da rawa tun ina ƙarama. Ni na roƙe shi ya shiga, don ya gan ka."

Ta tattara finjalanta ta tafi. Ya daɗe yana duban sandar hannunsa, sannan ya sakar wa ruwa ita.