Maginar Tukwane da Ciwon Gwiwa

Tunda ka ce tsohuwarka ta ƙi gaya wa likita abin da ke cinta, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata maginar tukwane a wani ƙauye, wadda ta shekara arba'in a ɗaki ɗaya, bayan gidan mijinta yana kallon ramin da ake haƙo yumɓu. Ita da wata maƙwabciyarta, sa'arta, suke gini tare. Su kwaɓa yumɓu da hantsi, su gina randa da tulu da kasko, ran Laraba su tara kara su gasa, ran Alhamis a kai kasuwa. Da mijin ya rasu ta gama takaba, sai ƙaninsa ya zo ya ce gidan ya tsufa, za a yi gyara, ta tafi birni wajen 'yarta kafin a gama. Ta ɗaure kayanta a zane biyu, ta ce wa maƙwabciyar ta ajiye mata yumɓu, ba za ta wuce wata guda ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba wanda ya aiko. Daga baya ta ji a bakin masu zuwa kasuwa cewa ɗakinta ya zama rumbun hatsin ƙanin mijin. A birni kuwa ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, 'yar da mijinta suna iya ƙoƙarinsu. Amma tsakar gidan siminti ne, ko ƙasar da za ta murza a tafin hannu babu. Sai ta wuni a bakin ƙofa tana kallon gabas, inda ƙauyen yake. In hadari ya haɗo, sai ta ce yanzu yumɓu ya yi laushi a can. Abinci ya daina shiga, magana ta ragu, ta rame har zobe yana zamewa daga yatsarta.

'Yar ta kai ta wani ƙaramin asibiti a unguwar, inda aka ware ranar Talata don tsofaffi. Aka tambaye ta ina ke ciwo, ta ce gwiwa. Aka ba ta maganin gwiwa. Bayan wata biyu ta koma, ta sake cewa gwiwa. Haka aka yi ta yi kusan shekara, domin a ganinta abin kunya ne mace mai furfura ta ce kewar gida ke kashe ta, kuma faɗin abin da ƙanin miji ya yi tona asirin dangi ne. Sai wata Talata ta faɗa hannun wata ma'aikaciya wadda aikinta sauraron masu damuwa a rai. Matar ba ta taɓa gwiwar ba. Ta lura tsohuwar tana murza bakin mayafinta tsakanin yatsu, a hankali, tana zagayawa. Ta ce, "Iya, wane aiki hannun nan ya saba yi?" Tsohuwar ta dubi hannunta kamar ba nata ba, ta ce bakin randa take gyarawa. Daga nan hawaye ya zo, magana ta biyo baya, ta faɗi komai tun daga rasuwar mijin har rumbun hatsi. Ma'aikaciyar ta ce ta riƙa zuwa duk mako suna hira, ta haɗa ta da wasu tsofaffin mata da ke taruwa a nan, ta kuma tura ta ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa hali kyauta.

Da farko ta ƙi. Ta ce ba za ta maka ɗan'uwan mijinta a kotu ba, ko da za ta mutu a birni. Wani lauya daga ofishin ya lallashe ta, ya ce ba da kotu ake farawa ba, da sulhu ake farawa, kuma tumunin gado da addini ya ba matar mamaci ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Lauyan ya je ƙauyen a madadinta, aka zauna a zauren mai unguwa, ga liman, ga ƙanin mijin. Ba a kai la'asar ba aka raba gado yadda ya kamata, ɗakinta da filin da take gasa tukwane suka faɗo cikin rabonta da na 'yarta. Mutumin ya kwashe hatsinsa yana sunkuyar da kai.

Ran da ta koma, ko zanenta ba ta kwance ba ta leƙa gidan maƙwabciyar. Aka ce ai ta rasu wata huɗu da suka wuce, kuma har ta kwanta jinya tana tambaya ko an ji ranar dawowarta. Tsohuwar ta zauna a dokin ƙofar ta daɗe. Ta ci gaba da gini bayan haka, ƙarfinta ya dawo, tana ci tana barci, amma ran Laraba ita kaɗai take hura wutar. Ta taɓa ce wa 'yarta, "Da tun zuwan farko na faɗi gaskiya, da na same ta da rai."

To, ka koma ka zauna da tsohuwarka, ka gaya mata waɗanda ke asibitin don sauraro aka ajiye su, kuma ba sa iya warkar da abin da ba a nuna musu ba. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.