Kwali Na Biyar

Kwalin yana bakin ƙofar asibitin tun kafin Likita ta ciro makulli daga jaka. An huda masa ƙofofin shan iska, an ɗaure shi da igiya tsaf, kuma yana motsi. Ba sai ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki. Wannan ne na biyar cikin shekara biyu.

'Yan kyanwa shida ne a kan tsohuwar singileti, masu ruwan toka da zane a baya, idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba. Ta tsaya a kansu tana huci, sannan ta kinkimi kwalin ta shiga, don fushi ba ya ba jariri madara.

Asibitin dabbobin nata ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da katifu. Mai benen ya riga ya yanke hukunci tun kwali na huɗu, bayan wata 'yar kyanwa ta yi fitsari a kan sabuwar katifa: idan aka sake tara masa maguna, ta nemi wani wurin. Shekara bakwai ta yi tana gina sunanta a ɗakunan nan, ga shi wani marar fuska zai kore ta da kwali.

Abin da ke ƙona mata rai, aikin bai kai rabin awa ba. A yi wa mage allurar barci, a cire mahaifa, a ɗinke, da yamma ta koma gida. Daga nan ta rage yawon bin muzurai, ta daina dawowa da ciwukan faɗa, ta tsira daga ciwon mahaifa, ta ƙara tsawon rai. Bakin Likita har ya gaji da wannan karatu. Ta bi layi-layi tana roƙo, ta ware ranar Asabar tana yi kyauta, kuma duk wadda ta yi wa aiki sai ta ɗan datse mata kan kunnen hagu don a gane ta. Duk da haka ji take kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Ko a gidansu sai da aka kai ruwa rana. Mahaifiyarta ta rasu ta bar wata mage mai ruwan toka, sunanta Toka, Baba kuwa ya riƙe ta kamar amana, a gefen gadonsa take kwana. Wata shida yana yi wa 'yarsa kunnen uwar shegu, yana cewa ba zai ba da abin marigayiya a yanka ba, idan ba ta farka ba fa? Rannan, shekara biyu da suka wuce, kwatsam sai ga shi da ita a buhu, hannayensa duk yakushi. Ya ce tsoro ne ya sa ta manta mai gidanta. Likita ta yi aikin cikin murna, ta ce ko ba komai ta ci gida.

Kwana uku ta yi tana ba jariran madara da sirinji. Biyu suka mutu, ɗaya a tafin hannunta. Da ta je gaida Baba ranar Juma'a ta zazzage masa takaicinta, ta ce da za ta kama mai wannan aika-aikar da sai ya raina kansa. Tsohon yana ta gyaran igiyar shanya, bai ɗago ba. Ya ce wanda ya kai su ƙofar likita ai bai cika rashin imani ba, wani a kwata zai zubar. Ta tambayi Toka, ya ce ta fita yawo, kamar yadda yake cewa kullum.

Ranar Litinin takardar mai bene ta iso, an ba ta zuwa ƙarshen wata ta tashi. Tana riƙe da takardar, ranta a jagule, wata mata mai sayar da hatsi ta shigo rungume da mage mai ruwan toka.

Matar ba ta jira an tambaye ta ba ta fara kora bayani. Ɓeraye sun gama da sitonta, tana son 'ya'ya daga magen nan, amma shekara biyu ko ɓatan wata ba ta yi ba. Tun ranar da ta ɓace da safe ta dawo da yamma tana layi, an aske mata ciki, shi ke nan haihuwa ta tsaya. Sai ƙiba da barci, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Matar ta ce ita dai ba ta zargin kowa, amma mutane ba su da tsoron Allah.

Likita ta kwantar da magen a kan tebur ta shafa cikinta. Tabon yana nan, siriri, ɗinkin hannunta ne, ko cikin dubu za ta gane shi. Kan kunnen hagu a datse yake. Ta tsaya tunani, ba ta tuna ta taɓa ganin matar nan a asibitinta ba, balle a ranar Asabar.

"Baiwar Allah, a ina kike da zama?"

"Haba Likita, ai katangarmu ɗaya da babanki. Shi ya kamata ma ki ba shawara, don tasa magen ba ta hutawa. Makon jiya na gan shi da sassafe ya fita da kwali, na ce ya bar mini ko guda ɗaya, ya ce a'a, waɗannan ma na 'yarsa ne."