Kwamfutocin Bakin Kogi

Malam Sadisu, na karanta tsarin da ka zana, kuma ya yi kyau a takarda. Amma ajiye shi tukuna in ba ka misalin wata ɗalibata.

Da ta gama karatu, sai aka ɗauke ta aiki a wata hukuma mai kula da garuruwan bakin kogi, inda ambaliya kan ci gidaje da gonaki kusan kowace damina. Kowane gari akwai ma'aunin ruwa da 'yar kwamfutarsa mai aiki da hasken rana, sai dai kwamfutocin ba sa magana da juna. Kowaccensu hedikwata take aika wa bayani, daga can ne gargaɗi yake fitowa. In wuta ta ɗauke a hedikwata, shi ke nan, kogi kaf ya kurumce. Manyan injiniyoyi suka rabu biyu kan gyara. Wasu suka ce a sake babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin, su zama tamkar na'ura ɗaya. Wasu suka ce a ƙirƙiro sabon harshen rubuta manhaja wanda zai rarraba musu aiki. Kowa da hujjarsa, kuma babu wawa a cikinsu. Aka yi ta zama ana tashi har bazara ta shigo, hadari ya fara haɗowa a gabas.

Ita ba ta tsoma baki a musun ba. Ta roƙi tsofaffin kwamfutocin da aka jibge a sito, ta karkaɗe musu ƙura, ta jera su a kan benci, ta laƙaba wa kowace sunan gari. Ta rubuta 'yar manhaja marar ado mai aiki ɗaya tak: kowace kwamfuta ta faɗa wa maƙwabtanta abin da ta gani, su ma su miƙa gaba, wadda ta yi shiru a tsallake ta. Gwajin farko ya watse, saƙo ya dinga kewaye kamar akuya a turke har na'urorin suka sandare. Ta sa wa kowane saƙo alama don kada a maimaita shi, ta sake gwadawa, ya tafi. Sannan ta gayyaci manyan, ta ce da shugabansu, "Ranka ya daɗe, zare wayar duk wadda ka ga dama." Ya zare ta tsakiya, gargaɗi ya tsallake ya isa ƙarshen benci. Ya zare wayar wadda aka laƙaba wa sunan hedikwata, bai fasa isa ba. Sai ya ce, "A kai wannan bakin kogi." Ɓangarorin biyu suka daina musu, kowa ya ga inda iliminsa zai ƙara wa abin ƙarfi, suka haɗa shi ta rediyo gari zuwa gari.

Cikin watan Agusta ruwa ya zo da rana tsaka, iska ta kayar da turakun wutar hedikwata. Kwamfutar garin da ke can sama ta ga ruwa ya haura, ta faɗa wa ta gaba, ta gaba ta miƙa, lasifikokin kasuwa da aka haɗa da su suka ɗauka. Mutane suka kwashi yara da tsofaffi da awaki suka hau tudu. Katangu sun zube, shinkafa ta nutse, amma ba a yi jana'iza ko ɗaya ba. Har yau duk inda aka ambace ta, nakan gyara zama in ce a ajina ta koyi aikin, ba na kuwa rage murya.

Saboda haka je ka gina ɗan ƙaraminsa, ko da na'ura uku ne, ka kawo mu zare masa waya mu gani. Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.