Takardar da Baba Ya Yaga

"Tela, ko tsoro kake ji ne?" wani wanzami ya ce wa Baba daga bayan aji. "Ai ka rantse!"

Iyaye sun cika ajinmu maƙil, taron ƙin jarrabawar ƙasa suke yi. Baba ne shugabansu. Tun bara yake cewa riga ɗaya ba ta yi wa kowa daidai, balle tambaya ɗaya. Har rantsuwa ya yi, ranar da sakamakona ya fito a gabansu zai yaga shi.

Da safen nan sakamakon ya fito. Na ci duka. Na miƙa masa, ya ninke ya sa a aljihu. In babu takardar nan, ni da jami'a sai a mafarki.

"Canki-canka ce, ba ilimi ba!" Baba ya ɗaga murya. Ya zaro takarda daga aljihu, ya keta biyu, ya keta huɗu. Aji ya kaure da tafi. Ni dai na fice.

A gida na ƙi cin abinci. Baba ya shigo, ya tuɓe hula, ya ciro takarda daga cikinta ya ɗora mini a cinya. Tawa ce, lafiya lau.

"To wacce ka yaga, Baba?"

Ya leƙa tsakar gida, ya rage murya.

"Ta yayanka ce, wadda ya faɗi duka. Dama na daɗe ina neman dalili."