Akwatin Tsoho Hamadi

Na rantse ba za ku yarda ba, amma duk fadar shayin bakin tashar Arlit shaida ce: Akoli yana zaune a kan benci, da yatsa ɗaya yake juya telen gidan mutum.

Akoli bai wuce aji biyu a kolej ba, kuma da bakinsa yake faɗa. Ya ce malamai ne suka kasa bin sa. Ɗaura parabol, farantin kamo tashoshi, yake yi da gyaran dekoda, musamman sabon akwatin nan mai haɗuwa da rezo, wato intanet, wanda ke ɗaukar shiri ya ajiye. Kullum cikin kirarin akwatin yake. Mai aikin dare a ma'adinai ya dawo ya tarar da kokawarsa tana jiran sa. Ko kuran, wato lantarki, ya ɗauke, abin da ka ajiye yana nan. Ita kanta mahaifiyarsa a Akokan, garin da ke gefen Arlit, shi ya ɗaura mata, ya ɗaukar mata rahoton ranar da aka rufe ramin ma'adinai, inda mahaifinsa Ghissa ya fito da fitila a hula yana dariya, watanni kaɗan kafin rasuwarsa.

Mutum ɗaya ne bai ga abin yabo ba. Tsoho Hamadi, tsohon direban manyan motoci, ɗansa ne ya aiko masa da akwatin daga Yamai, ya karɓa don dole. A gaban kowa ya ce abin da ke jin maganar waje, wata rana ɗan iska zai yi masa magana. Ya faɗi haka yana kallon Akoli, ya ƙara da cewa wanda ya gudu daga lekol ba zai koya masa zamani ba.

Akoli ya haɗiye. Sai Allah ya kawo wata rana kuran ya dawo da ƙarfi, ya rikita akwatuna a Arlit da Akokan. Aka tara su a teburin shagonsa, baƙaƙe, kamar uwa ɗaya ta haife su, har da na Hamadi wanda jikarsa ta kawo. Ya gyara, ya mayar wa kowa nasa. Amma kafin nan, cikin sauri, mutane na tsaye a kansa, ya jawo akwatin daga gefen tebur ya haɗa shi da wayarsa, don ya riƙa juya shi daga nesa.

Da la'asar ya miƙe a fada ya yi rantsuwa a kan Hamadi. Ya ce kafin a miƙa takobin kokawa na bana, mai akwatin nan zai tako da ƙafarsa, akwati a hammata, ya roƙe shi. In ba haka ba, a ɗaura masa parabol a ka, ya zaga kasuwa.

Ya fara da sauƙi. Lokacin labarai, ya mayar da tashar kan waƙe-waƙe. Ya ƙure murya, ya kashe, ya kunna. Ya tsayar da hoto a daidai inda mai jawabi ya buɗe baki. Fada ta yi ta dariya har shayi ya ƙone.

Washegari Hamadi ya zo, rawani tsaf, ya ce telensa lafiya lau, ya kalli labarai daga farko har ƙarshe.

Taurin kai, in ji Akoli. Ya leƙa cikin abubuwan da aka ajiye, sai ga finafinan soyayya jere, irin masu kuka da rabuwa. Ya ɗaga wayar kowa ya gani. Tun daga ranar samari suka sa wa tsohon suna Ango. Hamadi ya rantse da kabarin ubansa bai taɓa kallon irin wannan shirme ba, aka ƙara fashewa da dariya.

Kwanaki suka ja. Wayar Akoli ta yi ta ƙara, mahaifiyarsa ce daga Akokan, ya yi ta kifar da ita a cinya. Ya san zancen: yaushe zai nemi aikin kirki, yaushe zai zo. Shi kuwa yaƙi ne a gabansa.

Hamadi bai girgiza ba. Kullum yana zuwa, yana shan kofinsa, yana tambayar Akoli ko ya auna girman parabol ɗin da zai dace da kansa. Wani ma ya riga ya kawo tsohon faranti ya jingine a jikin bango, da igiyarsa.

Ranar kokawar ƙarshe, Akoli ya kalli farantin, ya kalli tsohon.

"Baba Hamadi, ka ce tuba kawai, in bar ka."

"Yaro, in kana da abin yi, yi."

Ya yi. Ya buɗe abubuwan da aka ajiye a akwatin. Ban da finafinan, sauran duk kwanan wata ne da lambobi, bai tsaya karantawa ba, karatu ba sana'arsa ba ce. Ya zaɓi duka. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Ya nuna wa fada, ya danna, ya hura yatsansa kamar bakin bindiga.

Hamadi ya tashi ya tafi gida kallon kokawa. Akoli ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce a zuba masa na biyu, yanzu za a ga mai akwati.

Aka gan shi kuwa, kafin rana ta faɗi. Babur ɗin kabu-kabu ya tsaya a gaban fada. Wata dattijuwa ta sauko a hankali, gyalenta duk ƙurar hanyar Akokan, baƙin akwati a hammatarta, igiyar wutarsa tana jan ƙasa. Babu wanda ya yi dariya.

Ta miƙa wa Akoli da hannu biyu.

"Ɗana, na yi ta kira ba ka ɗauka. Don Allah duba min, babanka ya ɓace daga ciki."